Ga Mu Nan Tafe

Filin jirgin garinmu ɗaki ɗaya ne dogo, da kujerun roba da aka ɗaure su da juna, da fanka uku a sama, biyu ne ke aiki. Ta tagar gilashi ana hango titin jirgin kwance cikin ciyawa, babu komai a kansa sai wasu fararen tsuntsaye da ke kiwo. Tun da sassafe muka iso, ni da Mama da za mu yi tafiyar, da Baba da ya kawo mu.

Yayata ce naƙuda ta kama da asuba, a garin da take aure. Tun watan jiya likita ya ce ɗan a gicciye yake kwance, sai an yi mata aiki. Har an sa rana, mako mai zuwa, sai ga shi ɗan bai jira ba. Cikinta na farko ya lalace ne tana ita kaɗai a asibiti, Mama na cikin mota a hanya, ba ta isa ba sai da komai ya wuce. Shi ya sa wannan karon Yaya ta ce ko me za a yi, ba za a shiga da ita ɗakin tiyata ba sai ta ga Mama da idonta. Shi ya sa kuma mijinta, wanda muke kira Malam, ya saya mana tikitin jirgi ta waya tun gari bai gama wayewa ba.

A mota wuni guda ne cur, don hanyar sai ta zagaye duwatsu, ta gangara can ƙasa ta nemo gada, sannan ta dawo. A jirgi minti arba'in ne.

"Minti arba'in!" in ji Baba, yana kaɗa makullin motarsa a yatsa. Babbar mota ya tuƙa a kan hanyar nan tun kafin a haife ni, har idonsa ya fara rauni ya ajiye. "Ni a minti arba'in ko gidan man farko ban wuce ba. Ta ina zai bi?"

"Ta sama, Baba," na ce.

"Na san ta sama, Auta, ai ba a jami'a kaɗai ake sanin sama ba. Gadar fa?"

Matar da ke kan teburin tikiti ta yi dariya. Doguwa ce, da biro a maƙale a bayan kunne. Ta auna jakunkunanmu, sannan ta nuna wa Mama sikelin ta ce ita ma ta hau.

"Ni?" Mama ta dube ni. "Ni ce kayan?"

"Ƙaramin jirgi ne, Mama. Kowa sai an auna shi, don a san inda za a zaunar da shi."

Mama ta hau tana riƙe da gefen tebur. Baba ya leƙa kansa zai karanta lambar, ta tare da ƙafarta.

"Idon naka da ba ya gani, yau ya warke?"

Wannan ce dariyar ƙarshe da muka yi a ɗakin.

Jirgin ɗaya ne tak yake zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu. A garin su Yaya yake kwana, da safe ya zo ya ɗebi mutane ya koma. Lokacin zuwansa ya yi ya wuce, titin nan yana nan yadda yake. Wani fasinja mai kwat ya je ya tambaya, sai mai tikiti ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"Bai taso ba tukuna. Ruwa ake yi a can, matuƙi ya ce ba ya ganin ƙarshen titi. Da ruwan ya ɗauke za su taso."

Kowa ya ji, har da Baba. Ina kallonsa ya gyaɗa kai. Ba a daɗe ba wayarsa ta yi ƙara, Malam ne.

"Malam! Ga mu nan tafe, ga mu nan. An auna mu, an gama komai. Ka ce mata ta kwantar da hankalinta, minti arba'in ne fa kawai."

Ban ji komai a raina ba a lokacin, don da wannan maganar na tashi. Muna yara, in Baba ya bugo daga hanya ya ce ga shi nan ya kusa, sai Mama ta ce mu je mu kwanta, gobe ma rana ce. In ya ce yana bakin gari, to ya wuce gada ke nan. In ya ce yana ƙofar gida, a lokacin ne ake ɗora masa ruwan wanka. Ba wanda ya taɓa kiran abin da ƙarya a gidanmu. Haka shi da abokan aikinsa suke magana, kuma kowa ya san ma'aunin da zai auna ta da shi.

Zama bai ga Baba ba. Ya je bakin taga ya dawo. Ya fita ya duba motarsa ya dawo. Ya tsaya a kan wani mutum mai akwatin sanyi na allurar rigakafi, ya tambaye shi ko jirgin ma sai ya cika yake tashi. Mutumin ya ce a'a. Baba ya ce to me ake jira, ruwa ai ba ya cizo, shi ya sha ratsa ruwan da ko hancin motarsa ba ya gani.

"Da mun kama hanya tun asuba," ya ce wa Mama, "da yanzu mun fara hawan dutse."

"Da yanzu muna wajen mai faci," in ji Mama, ba ta ko ɗago ba. Ta ɗora jakar kayan jariri a cinya, tana buɗe zip ɗin tana rufewa, tana buɗewa tana rufewa.

Ni kuma na buɗe taswira a wayata, don in sami abin kallo. Ga garinmu, ga garin su Yaya, in ka ɗora babban yatsa sai ya rufe su duka biyun. Hanyar mota ce kawai ta yi wani lauje kamar mai gudun bashi. Na yi ta matso da hoton ina nesanta shi, sai ka ce hakan zai rage wani abu.

Wayar Baba ta sake ƙara.

"Malam, yanzun nan za mu shiga. Ga shi can ma ana ta shiri. E, e. Ka ce wa likitan ya ɗan ba mu lokaci kaɗan."

Wanda ke shirin shi ne wani ma'aikaci da ke korar tsuntsaye daga kan titi da tsumma a sanda. Na dubi Baba, ya kashe min ido.

"In ka ce wa mai jira kana nesa, ciwo kawai ka ƙara masa," ya ce, ya mayar da wayar aljihu.

Rana ta ɗaga. Fanka ɗaya daga cikin biyun ta fara wani ƙugi, aka kashe ta. Mai kwat ya cire kwat ɗinsa ya rataya a kujera, yana ta faɗa da wani a waya a kan taron da zai rasa. Mai akwatin sanyi yana taɓa murfin akwatinsa lokaci zuwa lokaci kamar mai duba zazzaɓin yaro. Duk ƙarar da aka ji daga waje, sai kawuna su juya taga gaba ɗaya. Sau biyu babur ne, sau ɗaya injin ba da wuta.

Sai tawa wayar ta yi ƙara. Na koma can gefen banɗaki na ɗauka.

"Auta," in ji Malam. Malamin lissafi ne, mutum ne mai magana a hankali, amma yau numfashinsa har ya fi muryarsa fitowa. "Kun shiga? Na ɗauka zan ji wayarki a kashe. Likita ya sake zuwa. Ya ce bugun zuciyar ɗan ya fara sauka, ba ya son a ƙara jira. Ita kuma ta riƙe ƙarfen gado, ta ce tunda kun kusa sauka a bar ta. Na ce masa Baba ya ce yanzu za ku shiga jirgi, ya ba mu minti arba'in. Haka ne ko?"

Sai a lokacin na tuna Malam ba a gidanmu ya tashi ba. Shi in an ce masa yanzu, yanzu yake ji. Yaya kuwa ta san ma'aunin Baba sarai, amma mai naƙuda da aka ce mata uwarta na tafe, ina za ta tsaya awo?

"Malam, ana ruwa a wajenku?"

"Kamar da bakin ƙwarya. Me ya faru?"

"Zan kira ka," na ce, na kashe. Har yau ban san dalilin da ya sa ban faɗa masa a take ba. In faɗa wa surukin Baba cewa maganar Baba ba haka take ba, ban taɓa ko kwatanta irin wannan ba.

Na nufi teburin tikiti. Ni da ko a aji sai in san amsa in bar wani ya faɗa, na tsaya a gaban matar nan ina murza gefen mayafina har ta gama rubutunta ta ɗago.

"Anti, don Allah, in jirgin ya taso yanzu, yaushe za mu isa can?"

"Ai bai taso ba."

"In ya taso."

Ta ɗan dube ni, ta cire biron daga bayan kunne ta ajiye.

"Zai zo, tafiya ɗaya ke nan. A sauke mutane da kaya, a duba shi, a ɗora naku. Sannan ya koma, tafiya ta biyu. Daga filin can zuwa cikin gari ma da ɗan nisa, ga ruwa ya ɓata hanya. In komai ya tafi daidai, ki sa awa biyu da wani abu. Lafiya dai?"

Na ce mata lafiya, na juya.

Baba yana tsaye a kan Mama yana ba ta labarin wata shekara da gada ta karye suka kwana uku a bakin kogi. Na tsaya a gefensa.

"Baba."

"Bari in ƙarasa. To da gari ya waye..."

"Baba, Yaya ta ƙi shiga. Tana jiran mu ne."

"To ai ga mu nan."

"Jirgin yana can garinsu. Ko tasowa bai yi ba."

"Ke dai da gaggawa. Yanzu za ki ji ƙararsa."

Wayarsa ta yi ƙara a hannunsa. Na ga sunan Malam a fuskar wayar, na ga yatsan Baba ya danna, na ga bakinsa ya buɗe zai ce abin da na san zai ce. Ban san lokacin da na miƙa hannu na karɓe wayar ba. Baba ya bi hannunsa da kallo, sannan ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Malam, ni ce. Ba mu shiga jirgi ba. Jirgin yana filin garinku, ruwa ya hana shi tashi. Ko yanzu ya taso, sai mun yi fiye da awa biyu kafin mu zo asibiti. Kada ku jira mu. Ka gaya wa likita."

Ina jin ruwa yana dukan kwano a can wajensu. Sai muryar Yaya daga nesa, ta shaƙe, tana cewa a ba ta wayar.

"Auta, ƙarya kike yi. Baba ya ce kun taso."

"Yaya, kin fa san Baba."

Ta fashe da kuka. Mama ta ajiye jakar jariri a ƙasa, ta miƙe ta karɓi wayar daga hannuna. Har mai kwat ma ya katse faɗansa.

"Ke, saurara. Ni ce. Saki ƙarfen gadon nan."

Ban ji abin da Yaya ta ce ba, sai na ji Mama ta ce:

"Na sani. Na yi miki alkawari, kuma ga shi ban cika ba, ki riƙe ni da shi in na zo, ki yi min duk faɗan da za ki yi. Amma in kika bari wani abu ya sami ɗan nan saboda jirana, ina kike so in sa kaina? Ni likita ce? In na zo me zan yi, in ba in tsaya a bakin ƙofa ba? To a bakin ƙofar nake, ƙofar ce kawai ta yi nisa. Ki ce musu kin yarda. Ina jin ki. Faɗa musu in ji."

Muka jira. Sai Mama ta lumshe ido, ta ce, "Yawwa. Allah ya yi miki albarka."

Ta miƙa wa Baba wayarsa. Ya sa ta a aljihu, ya fita waje. Ta taga na hango shi ya buɗe gaban motarsa, wadda lafiyarta ƙalau, ya sunkuya a ciki ya daɗe.

Na ɗauka an gama ke nan, ashe da saura. Malam ya sake kira ta wayata. Likita ya gaji da jira, ya shiga da wata matar da ita ma ba ta iya jira. Ɗakin tiyatar ɗaya ne, sai ya fito. An sa wa Yaya ƙarin ruwa, wata nas tana zaune a gefenta tana sauraron zuciyar ɗan.

Yanzu Mama ce ta kasa zama. Ta je taga, ta dawo, ta ɗauki jakar, ta ajiye. Ni kuma ina ta juya abu ɗaya a raina: da na yi magana tun kiran farko, da Yaya ce a ciki yanzu. Mai tikiti ta zagayo daga bayan teburinta ta kawo wa Mama ruwa a kofi.

"Ya taso, Mama," ta ce a hankali. "Yanzu suka gaya min ta rediyo."

Wannan karon ba wanda ya kira kowa ya ce ga mu nan.

Da jirgin ya sauka sai na ga bai fi motar haya girma ba, da farfela a hanci. Baba ya shigo ya ɗauki jakunkunanmu ya kai har inda aka ce masu rakiya su tsaya. Hannunsa duk baƙin mai. Ya dubi jirgin sama da ƙasa, ya ce tayoyin sun yi ƙanana, sannan ya ce Allah ya kiyaye hanya. Bai dube ni ba.

Muna kan matakala wayata ta yi ƙara. Malam ya ce ga shi ana tura Yaya zuwa ɗakin tiyata. Mama ta karɓa, ta tsaya da ƙafa ɗaya a cikin jirgi ɗaya a waje, mutane na jira a bayanta.

"Ina nan. Ina jin ƙarar gadon. Kada ki kalli fitilun, rufe idonki. Ina nan."

Mataimakin matuƙi ya waiwayo daga kujerarsa zai yi magana, mai akwatin sanyi ya ɗaga masa hannu. Sai da Mama ta cire wayar daga kunnenta da kanta.

"Sun karɓe wayar daga hannunta," ta ce.

Aka ce kowa ya kashe waya. An zaunar da Mama a gaba kusa da fiffike, ni a can baya, don haka ko hannunta ban samu riƙewa ba. Ƙeyarta kawai nake gani, da yatsunta da suka nutse cikin kujerar gabanta. Ba ta taɓa shiga jirgi ba, amma da ya ɗaga ko motsi ba ta yi ba.

Na leƙa ƙasa. Duwatsun nan da ake zagayewa sun zama kamar tarin ƙasa a bakin gini, muka bi ta kansu kai tsaye. Sai gajimare ya rufe komai, jirgin ya shiga girgiza, mai kwat ya fara addu'a da ƙarfi. Ni wayar da ke kashe a hannuna nake kallo. Duk abin da zai faru yana faruwa yanzu, a wani ɗaki da ke gabanmu, kuma duk duniya mu biyu ne ba za a iya gaya wa ba. Ban taɓa sanin minti arba'in yana da tsawo haka ba.

Muka sauka a kan jiƙaƙƙen titi, ruwa na fallatsa a tagogi. Tun kafin farfela ta tsaya na kunna wayar, don gaggawa har na kuskure lambobin buɗewa. Muna taka ƙasa kira ya shigo. Ba Malam ba ne, Baba ne.

"Kun sauka?"

"Mun sauka, Baba."

"Malam ya neme ku bai samu ba, ya kira ni." Ya yi gyaran murya. "An ciro ta. Mace ce. Ba ta yi kuka da wuri ba, sai da suka yi ta fama da ita, suka sa mata abin numfashi. Yanzu ta yi. Malam ya ce shi da kansa ya ji ta daga waje. Yayarki ba ta farka ba tukuna, amma likita ya ce lafiya take. Iyakar abin da aka gaya min ke nan, ban ƙara ko ɗaya ba."

Na maimaita wa Mama yadda ya faɗa. Ta tsaya cak a tsakiyar fili, ta dube ni. Ta zauna a kan keken tura kaya, cikin ruwan da ya taru a kansa, ta rufe fuska da jakar jariri. Mai turawar ya tsaya yana jira, bai ce ta tashi ba.

"Auta," in ji Baba a kunnena. "Ki riƙe mamanki da kyau, ƙasa da santsi bayan ruwa."

"To, Baba."

Mama ta sauke jakar, ta share fuskarta da bakin mayafi, ta miƙo min hannu na ɗaga ta. Bayan zanenta duk ya jiƙe, ko ta kansa ba ta bi ba.

"Me kike tsaye kina kallona?" ta ce. "Nemo mana mota."